TUKUNYAR WASU: Yadda mutanen Filifin ke dafa abinci da kwakwa

 A wannan wata filinmu zai yi magana bisa kwakwa, wadda tsofaffi ke kira kwakwar Attagara.

Kowa ya san ta. Ana kawo ta kasuwar Agadas cikin buhu. Mai tebur ya fasa, ya yanka ƙanana, yaro ya saya ya tauna bisa hanya. Masu kunun aya suna markaɗa ta tare da aya da dabino. Wasu mata suna yin kwakumeti da ita. Iyakar aikinta ke nan wurinmu. Ba mu sa ta miya, ba mu sa ta shinkafa. To, akwai ƙasar da kwakwa ke shiga tukunya kusan kullum, kamar yadda man gujiya ke shiga tamu. Sunan ƙasar Filifin.

Filifin tana gabas da nisa ƙwarai, gaba da Makka, gaba da Indiya, cikin teku. Tsibirai ce fiye da 7000. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Babban birninta Manila. Mutanenta sun wuce miliyan 100. Ita da Indonesiya da Indiya su ne ukun da sunka fi kowa noman kwakwa a duniya. Gonakin kwakwa a Filifin sun kai hekta miliyan 3 da rabi.

Abin da ya sa icen ya ji daɗin ƙasarsu shi ne ruwa. A Manila ruwan sama na kai milimita 2000 a shekara. A nan Agadas da wuya mu ga 200. Kwakwa na son iska mai laima da zafi marar yankewa. Ba ta son busasshiyar iskar hunturu, ba ta son sanyin daren Ayar. Don haka mai garka a Tabelot ko Timiya ko Ifarwan kada ya ɓata ruwan rijiyarsa bisa gwajin shuka ta. Ruwan nan ya ba dabino da lemu da albasa. Wadda muke gani kasuwa daga bakin teku take fitowa: kudancin Najeriya wajen Badagari kusa da Legas, da Gana, da Binin, da Togo, da Kodibuwar. Kafin ta iso mana ta kwana da yawa cikin mota.

Icen kwakwa dukiya ne mai wuyar mayarwa. Dogon iri sai ya shekara 6 zuwa 8 kafin ya fara ɗiya. A watan Nuwamba na 2013 wata babbar guguwa, wadda su ke kira Yolanda, ta faɗa ma tsakiyar ƙasar. Ta kashe mutum fiye da 6000, ta karya ko ta lalata itatuwan kwakwa fiye da miliyan 30. Makiyayin da ya ga farin 1973 ko na 1984, ko ya ji labarinsu bakin ubansa, ya san wannan ciwo. Garke ya tafi cikin wata ɗaya, maido shi sai an yi shekaru.

Yanzu mu shiga madafa.

Da farko a raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Ruwan da kake ji yana motsi in ka girgiza kwakwa, ruwa ne kawai na sha. Madarar kwakwa daban take. Daga farin naman ake matso ta. Su suna ce mata gata. Duk abincin da anka dafa da ita kuma sunansa ginata'an, ko kifi ne, ko kaza, ko ganye, ko kunu.

Ga yadda suke yi. Suna zaɓen kwakwar da ta ƙosa sarai, su raba ta biyu. Suna da wata ƴar kujera mai baƙin ƙarfe a gaba, mai haƙora, sunanta kudkuran. Mace ko yaro ya hau ta kamar jaki, ya riƙa goga rabin kwakwar bisa haƙoran, naman na zuba cikin kwano laushi-laushi. Mu ba mu da kujerar nan, amma ba ta zama dole ba. Marfin gwangwani da anka huhhuda da ƙusa na yin aikin, in an wanke shi kuma ba ya da tsatsa. Turmi ma na yi, sai dai a yanka naman ƙanana tukuna, a daka shi har ya yi laushi. Wanda ke gari ya kai injin markaɗe.

In an goge, sai a zuba ruwan ɗumi kaɗan, kamar rabin kofi. A murtsuka da hannu. A juye cikin ƙyalle mai tsabta a matse da ƙarfi. Abin da ya fito fari ne, mai kauri, mai maiƙo. Wannan shi ne matsin fari, su suna ce mishi kakan gata. A aje shi gefe. A sake zuba ma dusar ruwan ɗumi kofi biyu, a sake murtsukawa, a sake matsewa. Na biyun ya fi ruwa-ruwa. Babbar kwakwa guda na ba da wajen kofi ɗaya na mai kauri da kofi biyu na mai ruwa.

Kada a haɗe su. Nan ne dabarar take. Mai ruwan shi ake dafa abinci ciki, a madadin ruwan miya. Mai kaurin sai abinci ya kusa nuna ake zuba shi, a rage wuta, a riƙa motsawa a hankali. In anka zuba shi tun farko bisa wuta mai ƙarfi, yana tsinkewa, mai ya hau sama, sauran ya yi gudaji. Matan makiyaya sun san irin wannan, ga nonon da ya fara tsami in an ɗora shi bisa wuta. Ba ya cuta in ya tsinke, amma miyar ba ta kyan gani kuma santsinta ya tafi.

Cikin dukan dahuwarsu, wadda ta fi dacewa da mu ita ce ta kabewa. Suna ce mata ginata'an kalabasa. Suna yawan sa mata ganyen wani ice da su ke kira malungai. Kun san mene ne malungai? Zogala ce, tamu ta bayan gida, wadda muke kwaɗo da dambu da ita. Sauran kayan kuwa albasa ne, da tafarnuwa, da citta, da tonka, da gishiri. Ban da kwakwar da cittar da gishirin, duk ana samun su cikin garake na Ayar. Tafarnuwar Bagazan ma ba ta da ta biyu.

A zuba matsi na biyu cikin tukunya. A sa albasa biyu yankakku, da tafarnuwa da citta dakakku, da tonka daidai bakin masu gida. In ya fara tafasa a hankali, a zuba kabewa yankakka, kamar rabin ƙaramar kabewa. Su suna ƙara kifi ko jatan lande, tun da teku na ƙofarsu. Mu sai mu sa busasshen nama da anka jiƙa, ko busasshen kifi, ko dafaffen wake. A bar ta wajen minti 15 ko 20, sai kabewa ta yi laushi har wata ta fara narkewa cikin romon. Sannan a zuba zogala cikin hannu biyu, a bi ta da matsin fari, a sa gishiri. Minti 5 sun isa. Ba a soya komi, ba a sa mai ko ɗigo. Su da shinkafa suke ci. Da tuwon hatsi ko na masara ma tana tafiya.

Akwai kuma kunu. Suna dafa shinkafa mai danƙo cikin matsi na biyu tare da ɗanyar masara da anka kankare daga totuwa, su sa sukari, su zuba mai kaurin bisa kai lokacin sha. Bai yi nisa da kunun gujiya namu ba. Mai dabinon Ingal ko na Bilma ba ya bukatar sukari. Ya jiƙa dabino, ya cire ƙwallo, ya daka ya zuba. Ga azumi, abin buɗa baki ne mai riƙe ciki.

A wani yanki nasu mai suna Bikol, suna shanya ganyen gwaza ya bushe, su dafa shi cikin madarar kwakwa da tonka mai yawa har ruwan ya tsotse. Sunansa la'ing. Ganyen gwaza na da ƙaiƙayi ga maƙoshi in bai bushe ba kuma bai dahu sosai ba, shi ya sa suke daɗewa bisa wuta. Mu ba mu da gwaza a nan, amma busasshen ganye ba baƙonmu ba ne. Busasshiyar zogala da ganyen wake na karɓar irin wannan dahuwa.

Sai dai in faɗa muku, yawancin mutanen Filifin Kirista ne, kuma da yawa cikin abincinsu na kwakwa da naman alade ake yi. Wannan ba namu ba ne. Amma kudancin ƙasar, a tsibirin Mindanawo da tsibiran Sulu, akwai Musulmi miliyoyi. Musulunci ya isa Sulu tun ƙarni na 14, kafin a gina dogon masallacinmu na Agadas a 1515, kafin kuma Turawan Sifen su taka ƙasar a 1521. Su ma da kwakwa suke dahuwa. Kabilar Maranawo, ta wajen birnin Marawi, na dafa kaza da madarar kwakwa da gogaggen namanta da kurkum. Kabilar Tawsug ta Sulu na da wani romo baƙi ƙirin mai suna tiyula itum. Suna gasa naman kwakwa bisa garwashi har ya ƙone ya yi baƙi, su daka shi da citta da kurkum da tafarnuwa, su dafa naman sa ko na akuya da shi. Abincin buki ne da na salla. Mai naman layya na iya gwadawa da ɗan kaɗan, ya ji ko bakinsa zai karɓa.

To, yanzu maganar da ta fi dukan waɗannan nauyi. Ku karanta ta sau biyu, ku karanta ma matan gida.

Sunanta madara, kuma fara ce fat kamar nonon da anka tatso yanzu. Amma aikinta cikin jiki aikin mai ne. Kashi ɗaya cikin uku na naman kwakwa mai ne, kuma shi ne ke fitowa in an matse. Abin da ke gina tsoka kaɗan ne cikinta, in an surka ta da ruwa kuwa sai ya ƙara raguwa. Abin da ke gina ƙashi da haƙori, wanda likitoci ke kira kalsiyom, nonon akuya ya ninka ta sau 7 ko fiye. Ta ƙoshar da babba, ta ba shi ƙarfin aiki. Ba ta raya jariri.

Ina nanata wannan domin mun san yadda bazara take. Ciyawa ta ƙare, awaki sun ƙafe, raƙuma sun yi nisa neman kiwo, madarar gari ta yi tsada. Uwa ta ga nononta kamar ya ragu. In ta ji an ce ana samun madara daga kwakwa, tana iya cewa ga sauƙi ya zo. Yaron da anka riƙe da ita zai sha ya yi shiru, amma ba zai yi girma ba. Zai rame, ko ƙafafunsa su kumbura, zawo kuma ya biyo baya in ta kwana. Daga haihuwa har wata 6, nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba a ba shi. Bayan wata 6 a ci gaba da ba shi nono, a ƙara da kunu mai wake ko gujiya ko ƙwai ko dafaffen nonon akuya. Cokali guda na madarar kwakwa cikin kunun nan ba laifi, daidai yake da ɗan mai. In nonon uwa ya kasa, a tafi gidan likita, kada a tafi wurin mai kwakwa. Haka kuma ɗan akuya ko ɗan tunkiyar da uwarsa ta mutu. A nema mishi wata uwa cikin garke.

Abu na biyu, ba ta jimrin zafi. A watan Mayu da Yuni zafinmu na wuce digiri 40. Cikin irin wannan, madarar da anka matse da hantsi ta lalace kafin la'asar. Masu sayar da kunun aya shaida ne, sun san abin da ke faruwa in ƙanƙara ta narke. Don haka sai an hura wuta, an gyara sauran kaya, sannan a matse. Ruwan matsi a tafasa shi tukuna, a bari ya huce ya zama ɗumi. A wanke hannu da sabuni, a wanke ƙyalle a shanya ga rana. Miyar da ta rage kada ta kwana ba a sake tafasa ta ba. In ta yi yauƙi ko tsami, a zubar.

Dusar da ta rage bayan matsi ita ma a kula da ita. Kada a dunƙule ta da danshi a rufe cikin kwano ta kwana biyu. A tsibirin Jaba na ƙasar Indonesiya, talakawa sun daɗe suna ruɓar da dusar kwakwa su yi wani abinci da ita. Wani lokaci wata ƙwayar cuta na shiga ciki ta haifar da dafi. Dafin ba ya da wari, ba ya da ɗanɗano, kuma tafasa ba ta kashe shi. Ya hallaka mutane da yawa cikin shekaru, har hukumar ƙasar ta hana yin abincin a 1988. Mu a nan Allah ya ba mu maganin abin kyauta, wato busasshiyar iska da rana. A baza dusar siriri bisa faifai nan take, kafin maraice ta bushe ƙayau. Ko a soya ta bisa kasko ba mai har ta yi ja. Busasshiya tana shiga fura, tana shiga ƙullun masa, tana shiga kwakumeti. Kaji da awaki ma na cin ta in an gauraya da dusar hatsi. Su can abin da ya rage bayan an tatse man kwakwa a masana'anta, bisashe ake ba, kamar tunkuza wurinmu.

Wurin saye kuma a buɗe ido, tun da ta sha hanya. A ɗauka a ji nauyi. A girgiza kusa da kunne, a ji ruwa na motsi da yawa. Wadda ba ta motsi ta bushe ko ta tsage. A duba idanun nan uku na kanta, su zama busassu, ba danshi, ba fumfuna. In an fasa, nama ya zama fari mai tauri. Wanda ya yi rawaya ko toka-toka, ko yake yauƙi, ko yake warin sabuni, ya tashi aiki. Yankakkar da ta wuni cikin ruwa bisa tebur, ƙuda na sauka, ba ta matsi ba ce. A sayi guda, a fasa gida.

Wadda ke son abin da zai daɗe, sai ta yi mai. A ɗora matsin fari shi kaɗai bisa ƙaramar wuta, a riƙa motsawa. Ruwan zai ƙone, mai ya fito garau, wasu ƴan gudaji su kwanta ƙasa su yi ja. Gudajin nan su ke kira latik. Suna barbaɗa shi bisa wainar shinkafa, yara na rububinsa kamar ƙuli-ƙuli. Man kuwa a tace a zuba cikin busasshiyar kwalba. Yana yin watanni. Ana suya da shi, ana shafa shi ga fata da gashi. Da sanyi za ku ga ya daskare ya yi fari kamar man shanu. Bai lalace ba, halinsa ne in zafi ya kasa digiri 24. A aje kwalbar ga rana ya narke.

Amma kada wani ya ce zai bar man gujiya ya koma na kwakwa don sauƙi. Da matsin hannu, abin da kwakwa guda ke bayarwa bai fi ƙaramin kofin shayi ɗaya ba. Ku da kuke koyon lissafi a aji, ga aiki: ku tambayi kuɗin kwakwa guda a kasuwarku, ku tambayi kuɗin kofin shayi ɗaya na man gujiya, ku gwada. A ganina, wurinmu kwakwa ta ranar kasuwa ce, da ranar baƙo, da azumi, da lokacin da kabewa ta yi yawa garka har iyali sun gaji da ita. A irin wannan rana kwakwa guda da yara uku za su tauna su ƙare cikin minti 10, in an matse ta, ta yi ma gida duka miya, dusa ta rage ma kaji, ƙoƙon kuma a kankare shi ya zama ludayi ko a sa shi murhu, garwashinsa na daɗewa ƙarƙashin butar shayi.

Wadda ta gwada miyar kabewar nan, ta faɗa ma malamin ajinsu yadda ta kasance, da abin da ta ƙara ko ta rage. Ta rubuta da hannunta in ta iya, ko layi uku ne, malam ya aiko mana. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana bisa shanyar tumatir da albasa.